Tukunyar Bakin Rami

Tun da gwiwata ta ƙi igiya,
Nomau ya ce, "To Barmo, kai ne uwargida."
Aka yi dariya, aka miƙo mini muciya.
Mu goma sha ɗaya ne, yamma da Kornaka,
gindin gawo ɗaya, tabarmi huɗu,
da ramin da muke kira rijiya tun bai amsa ba.

Ƙasar nan ba ta da dutse ko na jifan kare.
Murhuna ɓaraguzan siminti ne uku,
na ukun gurgu ne kamar ni,
na tokare shi da karyayyen shebur.

Da asuba, kafin kowa ya yi tari,
nakan tona tokar jiya in nemo ido ɗaya ja,
in ba shi karan gero da busasshen kalgo,
in hura har hawaye su zo.
Tiya biyu ta shinkafa, ɗaya ta wake,
kanwa kamar kan yatsa.
Mai yana kwalbar da na yi wa zane da wuƙa:
layi ɗaya, wuni ɗaya.

Masu neman ruwa ne mu,
ruwan kuwa jaki ke kawo shi, bido shida,
daga tafiyar rabin wuni.
Wanda ya wanke shinkafa
shi zai wanke tukunya,
in ya gama ya je ya jiƙa siminti.

Na san kowa ta bakinsa.
Cindo ba ya son yaji, ba ya kuma faɗa,
sai dai ka ga hanci na zuba.
Mijinyawa ƙanzo yake bi,
yakan zo kamar zai taya ni wanke-wanke.
Ɗan Jimma, autanmu,
yana fitowa daga rami fari fat,
hannu na rawa, loma na zubewa.
Shi nake ɓoye wa ƙuli biyu a aljihu.

Ran wata Laraba guguwa ta ratsa ana tsakar tafasa,
ta auna mana yashi kyauta.
Suka ci, haƙora na ƙara.
Ba wanda ya ce uffan sai Nomau:
"Yau rijiyar muka ci da kanta."

Wani dare makiyayi ya tsaya nesa da wuta,
sanda a wuya,
ya yi sallama, bai matso ba.
Na leƙa tukunya, gindinta ya leƙo ni.
Ban yi magana ba. Tasa na tsakiya,
kowa ya ture loma guda gefe,
sha ɗaya suka zama sha biyu.
Da safe muka iske ƙwarya rufe da faifai,
nono har baki,
sawun shanu ya yi arewa.

Kwana talatin da ɗaya, gaba ashirin da uku.
Ina cikin kwaɗa zogale
na ji muryar Ɗan Jimma daga can ƙasa,
siririya, kamar daga cikin tulu:
"Laka! Laka!"
Guga ya hau da nauyi,
ruwa jaja-jaja kamar kunun kanwa.
Ana ta kabbara, ni kuwa na ɗingisa na riga su,
na ce na farin nawa ne.

Na bar shi ya kwanta, na tace da rawanina,
na ɗora bisa gurgun murhu.
Daren nan ban dubi layin kwalba ba.
Na juye mai duka, albasa duka,
har daddawar da nake rowa tun daga Maraɗi.
Dafa-dukan ya yi ɗanɗanon ƙasa.
Mijinyawa bai samu ko ƙanzo ba.

Gobe matan gari za su zo da tuluna,
mu kuma mu naɗe tabarmi.
Za su ga rijiya.
Ba lalle su kula da baƙin tabo a gindin gawo ba,
da ɓaraguzai uku, ɗaya ya karkata.
Shebur ɗin dai zan ɗauke, na Nomau ne.